Ibnul Haisam: Malamin Basra da ya gane sirrin haske daga bakin inuwa

Duk wanda ya taɓa fitowa tsakar gida a daren sha huɗu ga wata ya san cewa farin wata, duk da sanyinsa a ido, yakan zana inuwar mutum a ƙasa ɓaro-ɓaro, har a iya ƙidaya yatsun hannu a cikinta. Amma ranar da hazo ya sauko sosai, ko gajimare ya rufe sama, mutum zai tsaya a fili da rana tsaka ya nemi inuwarsa ya rasa, alhali hasken da ke kewaye da shi ya ninka na wata sau dubbai. Ke nan ƙarfin haske daban, kaifinsa daban. Masu ɗaukar hoto da masu shirya finafinai na yau suna kiran irin na farko haske mai kaifi, na biyun kuma mai taushi, kuma suna kashe kuɗi masu kauri wajen sayen kayan da za su mayar da wannan ya koma wancan. Ƙa'idar da suke aiki da ita an shimfiɗa ta a rubuce tun kimanin shekara dubu da suka wuce, a hannun wani malami ɗan Basra da ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira yana kwafar littattafai don ya samu na tuwo.

Sunansa Abu Ali al-Hasan bin al-Hasan bin al-Haisam. Turawa sun san shi da Alhazen, wato yadda harshensu ya iya furta al-Hasan. An haife shi a Basra, kudancin Iraƙi, wajen shekarar 965 Miladiyya, daidai da 354 bayan Hijira. A lokacin, Halifan Abbasiyawa na nan a Bagadaza da suna kawai, iko kuwa yana hannun sarakunan Banu Buwaihi. Basra birni ne na fatake da ke hulɗa da Indiya da gaɓar gabashin Afirka, kuma gari ne na malaman nahawu da masu jayayyar aƙida, inda kowace ƙungiya ke da majalisinta da hujjojinta.

Wannan jayayyar ce ta fara sauya masa hanya. Ibn Abi Usaibi'a, likita kuma marubucin tarihin likitoci da ya rasu a 1270, ya adana wani ɗan taƙaitaccen tarihin kai da aka rubuta a 1027, lokacin mai shi yana da shekara 63. A ciki an bayyana saurayin da saɓanin mazhabobi ya dame shi tun yana ƙarami, ya yi ta bin ra'ayoyin jama'a ɗaya bayan ɗaya bai samu natsuwa ba, daga bisani ya yanke cewa gaskiya guda ce, kuma hanyar isa gare ta ita ce abin da gaɓoɓi suka riska sannan hankali ya tace. Masanin tarihin lissafi Roshdi Rashed yana ganin wannan rubutu na wani Muhammad bin al-Haisam ne daban, yayin da Abdulhamid Sabra, wanda ya fassara wani ɓangare na babban littafinsa zuwa Turanci, ya tsaya a kan cewa mutum ɗaya ne. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne littattafan lissafi da na haske, waɗanda suna nan har yau ana karanta su.

Alkawarin Nilu

Rayuwar Masar a wancan zamani a kan ambaliyar kogin Nilu ta rataya. Idan ruwa ya hau daidai, a yi noma a biya haraji. Idan ya gaza, a yi yunwa. Idan ya wuce kima, ya cinye ƙauyuka. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira akwai wata rijiyar awo da aka gina a 861, mai ginshiƙi a tsakiya da aka yi wa zane-zanen kamu, kuma kowace shekara jama'a kan zuba ido su ga ko ruwa zai kai kamu 16.

Mai mulkin ƙasar shi ne al-Hakim bi Amrillah, Halifan Fatimiyyawa na shida, wanda ya hau gado a 996 yana ɗan shekara 11. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Shi ya kafa Darul Ilmi a 1005, gidan littattafai da kowa ke iya shiga ya yi karatu a ba shi takarda da tawada kyauta, kuma a ƙarƙashinsa masanin taurari Ibn Yunus ya yi ayyukansa. Shi ne kuma ya haramta cin miyar lalo, ya sa a kashe karnukan birni, ya taɓa ba da umarnin a kunna fitilu a ƙofofin shaguna da gidaje har kasuwa ta koma ci da dare. Wazirai da alƙalai da manyan ma'aikata da yawa sun rasa kawunansu a hannunsa.

Marubucin tarihi Ibn al-Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, shi ya kawo labarin yadda mutanen biyu suka haɗu. An kai wa Halifa labarin cewa wani masanin lissafi a Iraƙi yana cewa da yana Masar, da ya yi wa Nilu aikin da za a amfana da shi ko ruwa ya hau ko ya sauka. Baki shi ke yanka wuya. Al-Hakim ya aika masa da dukiya ya gayyace shi, har ya fita da kansa ya tarye shi a wani ƙauye da ake kira al-Khandaƙ a bayan gari. Bayan ya huta, aka haɗa shi da magina da masu sana'a suka nufi kudu.

Tun a hanya jikinsa ya fara sanyi. Ya ga gine-ginen mutanen dā a gaɓar kogin, da irin ƙwarewar da aka zuba a cikinsu, sai ya raya a ransa cewa da aikin mai yiwuwa ne, da waɗannan ba su bar shi ba. Da ya isa al-Janadil, wurin duwatsun da ruwa ke ratsawa kudu da Aswan, ya duba gaɓa biyun, ya gwada abin da zai gwada, ya tabbatar cewa abin da ya zana a Basra bai dace da kogin da ke gabansa ba. Gani ya kori ji. Ya koma Alƙahira ya gaya wa Halifa cewa ba zai iya ba.

Ya kamata a tsaya a nan kaɗan. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin duba yiwuwar wani aiki, alhali kowa ya san amsar da mai gida ke son ji, zai gane nauyin abin da mutumin nan ya yi. Yana da magina, yana da kuɗin baitulmali, kuma yana iya kafa harsashi ya ja shekaru yana neman ƙari. Ya zaɓi ya koma gaban sarkin da ke sare kai a kan abin da bai kai wannan ba. Lokaci ya nuna cewa ya karanci wurin daidai, kayan aikin ne zamaninsa bai mallaka ba: a wannan yankin aka kammala madatsar Aswan ta farko a 1902, babbar kuma a 1970.

Al-Hakim ya nuna ya karɓi uzurin, ya naɗa shi a wani ofishin gwamnati. Ibnul Haisam ya karɓa don tsoro, ya kuma lura cewa kujerar ba ta da nisa da takobi. Hausawa na cewa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, shi kuwa tasa ta tsoro ce, kuma da haukan ya naɗe ta. Ya shiga nuna taɓin hankali har labari ya kai fada. Aka rufe dukiyarsa, aka tsare shi a gidansa, aka sa mai kula da shi. A haka ya zauna har watan Fabrairun 1021, lokacin da al-Hakim ya hau jakinsa da dare ya nufi duwatsun Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Sai ga mahaukaci ya warke. Wasu marubutan sun kawo labarin ta wata fuska: al-Baihaƙi ya ce Halifa ya raina shirin tun ganin farko, malamin ya gudu Sham cikin dare, wata ruwayar kuma ta ce a Basra ya yi haukan ƙaryar don a sauke shi daga muƙami. Ruwayoyin sun haɗu a kan mutumin da aikin hukuma ya zame masa ƙaya.

Da aka mayar masa da kayansa, sai ya tare a wata ƙubba da ke ƙofar masallacin Azhar. Bai koma aikin gwamnati ba. Ibn al-Ƙifɗi ya ce kowace shekara yakan kwafi littafin Yuklid na lissafin siffofi, da Almajisɗi na Batlamus kan taurari, da tarin ƙananan littattafan da ɗalibi ke bi tsakanin waɗannan biyun. Idan ya gama, mai saye ya zo ya ajiye dinari 150, ba ciniki ba tayi, wannan ne kuma guzurinsa na shekara. Al-Baihaƙi, wanda ya yi masa laƙabi da Batlamus na biyu, ya kawo labarin wani basarake da ya zo neman ilimi, malamin ya yanka masa dinari 100 kowane wata. Bayan shekara uku da ɗalibin zai tafi, sai ya mayar masa da kuɗinsa cif, domin dama gwada shi yake yi ya ga ko ilimin ya fi dukiya daraja a wurinsa.

Haske daga kowane ɗigo

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai. Kafin shi, masana sun kasu kan yadda ido ke gani. Masu lissafi irin su Yuklid da Batlamus suna cewa wani haske ne ke fita daga ido ya taɓa abin da ake kallo. Mabiya Aristotil suna cewa surar abin ce ke shigowa ido, amma ba su da lissafin da zai bayyana yadda surar dutse guda za ta shige ta ƙwayar ido. Ibnul Haisam ya ɗauki lissafin na farko ya ɗora a kan ra'ayin na biyu: haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, kuma a miƙe yake tafiya.

Tushen da ya gina komai a kansa magana ce mai sauƙin faɗa. Duk abin da ke da haske, kowane ɗigo na jikinsa yana watsa haske ta kowace fuska a kan miƙaƙƙun layuka. Al-Kindi na Bagadaza ya riga shi hango wannan, amma shi ne ya bi ta da gwaji ɗaya bayan ɗaya, abin da yake kira i'itibari. Ya yi aiki da ɗaki mai duhu, da bututu, da zare, da allunan da aka huda. A wani gwajin ya jera fitilu a gaban wata kafa da ke buɗewa cikin wuri mai duhu, sai kowace fitila ta jefa nata ɗigon haske a bangon ciki. Idan aka rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, wanda ya nuna cewa haskoki na ratsa kafa guda ba tare da sun cakuɗe ba.

Ya kuma raba haske gida biyu. Akwai na abin da ke haskawa da kansa, kamar rana da wuta. Akwai kuma na aro, wanda ke sauka a kan bango ko tufa ko iska, sannan shi ma ya sake watsuwa daga kowane ɗigo na wurin da ya sauka, sai dai ya fi na farko rauni. Da wannan ya bayyana hasken alfijir, da dalilin da ya sa farin bango da rana ta buga ke haskaka ɗakin da ke fuskantarsa. A wata maƙala ta daban kan hasken wata, wadda likitan Masar Ali bin Ridwan ya kwafa da hannunsa a 1031, ya rushe ra'ayin masu cewa wata madubi ne da ke mayar da hasken rana. Ya nuna da lissafi cewa da madubi ne, da ɗan wuri kaɗan za a riƙa gani yana ƙyalli, ba dukkan fuskarsa ba.

Bakin inuwa

A zamaninsa inuwa ita ce agogo. Da sanda a kafe a ƙasa ake gane zawali, da ita ake fitar da layin kudu da arewa, da ita ladani ke sanin shigar la'asar idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage da rana tsaka. Masana taurari kuma da inuwar duniya suke lissafin husufin wata. Saboda haka an yi rubuce-rubuce da yawa a kanta. Al-Biruni, wanda suka yi zamani ɗaya, yana da littafi sukutum a kan inuwoyi. Amma duk wanda ya taɓa durƙusawa don ya sa alama a ƙarshen inuwar doguwar sanda ya san matsalar: inuwar ba ta da ƙarshe tsayayye. Tana dusashewa ne a hankali, har mutum biyu su yi saɓani a kan inda za a ja layi.

A maƙalarsa kan yanayin inuwoyi, Ibnul Haisam ya ɗauki wannan dusashewar a matsayin abin bincike, maimakon a ɗora laifin a kan raunin ido. Ya fara da rarrabe kalmomi. Duhu shi ne rashin haske gaba ɗaya. Inuwa kuwa rashin wani haske ne tare da samuwar wani. Daga nan ya nuna cewa bayan kowane abu da ya tare haske akwai yanki biyu: tsantsar inuwa, inda babu ko ɗigo ɗaya na mai hasken da ke isa, da kuma inuwa mai gauraye da haske da ke kewaye da ita, wadda ke ƙara haske a hankali yayin da ake nisantar tsakiya.

Mai karatu ya ƙaddara tururuwa ce ke tafiya daga gindin katanga zuwa fili. Da farko katanga ta rufe mata rana ɗungurungum, tana cikin tsantsar inuwa. Can sai gefen rana ya leƙo ta saman katangar, sannan rabinta, sannan dukkanta. Tazarar da ta yi tsakanin leƙowar gefen rana da bayyanarta duka, ita ce bakin inuwa. Da rana ɗigo ɗaya ce tak, da tururuwar ta fita daga duhu zuwa haske a taki guda. Tun da rana tana da faɗi, kuma kowane ɗigo nata na jefa tasa inuwar, sai inuwoyin su hau kan juna su bar gefe mai dusashewa.

A nan ma'aunin yake. Faɗin bakin inuwa ya dogara ne a kan girman mai hasken kamar yadda ake hango shi daga wurin abin da ya tare shi, da kuma nisan abin daga inda inuwarsa ta faɗi. Ana iya gwada lissafin da kayan gida. A ce taga mai faɗin mita ɗaya, mutum ya tsaya mita biyu daga gare ta, bango kuma yana bayansa da mita ɗaya. Bakin inuwarsa a bangon zai kai santimita 50, wato inuwa mai laushi da ba ta da iyaka bayyananniya. A rufe tagar, a kunna tocilan waya mai faɗin santimita ɗaya a daidai wurin, bakin inuwar zai koma rabin santimita, kamar an yanka da reza. Idan mutumin ya matsa kusa da tagar, inuwar ta ƙara laushi, domin tagar ta ƙara girma a idonsa.

Rana, duk da girmanta, nisa ya sa faɗinta a sama ya tsaya a kimanin rabin digiri. Shi ya sa bakin inuwarta ke kai kimanin kashi ɗaya cikin 107 na tazarar da ke tsakanin abu da inuwarsa. Sanda mai mita ɗaya za ta ba da dusashewar da ba ta wuce santimita guda ko biyu ba, amma ƙololuwar hasumiya da inuwarta ta faɗi a nisan mita 30 za ta ba da fiye da santimita 25. Wannan lissafin ne kuma ke bayyana dalilin da ya sa wayar lantarki da ke can sama ba ta da inuwar kirki a ƙasa, da dalilin da shirwa ke rasa inuwarta idan ta lula: siririn abu ba ya iya rufe rana duka sai a kusa.

Yanzu an samu amsar tambayar farin wata da hazo. Wata da rana kusan girmansu ɗaya a ido, shi ya sa wata ke iya rufe rana daidai wa daida a lokacin husufi, don haka kaifin inuwarsu ɗaya ne ko da yake ƙarfinsu ba ya haɗuwa. Hazo da gajimare kuwa suna karɓar hasken rana su sake watsa shi daga kowace kusurwa, sai sama gaba ɗaya ta zama fitila guda mai faɗi, bakin inuwa ya yi ta faɗaɗa har ya cinye tsantsarta. Farar lemar da mai hoto ke kafawa a wurin biki aikinta ke nan. Tana karɓar hasken ƙaramar fitila ta mayar da shi na aro daga fili mai faɗi, sai inuwar hanci da ramin ido da ƙurajen fuska su narke.

Ya bi wannan hanyar a wata maƙalar kan surar husufi. Ya lura cewa idan rana ta yi husufin da bai cika ba, haskenta da ya ratsa ƙaramar huda zuwa ɗaki mai duhu yakan fito a bango da siffar jinjirin wata, amma idan aka faɗaɗa hudar sai siffar ta ɓace ta koma da'ira. Ya bayyana cewa kowane ɗigo na rana na jefa hoton hudar, kuma fitowar sura ko dusashewarta na bin gwargwadon faɗin hudar da nisan bangon. Wanda ya taɓa duba ƙarƙashin bishiya a ranar husufi ya ga ɗaruruwan jinjirin wata a ƙasa, ya ga wannan gwajin ba tare da ɗaki ba.

Bai tsaya a kan bango da inuwa ba, ya koma kan idon da ke kallo. Ya lura cewa haske mai tsanani yana cutar da ido, kuma wanda ya kalli farin abu a rana sannan ya juya ga duhu zai ci gaba da ganin tabonsa. Wannan na cikin hujjojinsa na cewa haske shigowa yake yi. Ya kuma nuna cewa haske mai ƙarfi yana ɓoye abubuwa kamar yadda duhu ke ɓoyewa: taurari na nan da rana amma ba a ganinsu, harshen wuta yakan dusashe a cikin rana, kuma siririn zane a kan abu mai sheƙi yakan ɓace idan ƙyalli ya bugi ido, ya sake bayyana idan aka karkatar da shi ko aka kai shi haske matsakaici. A juzu'i na uku ya lissafa sharuɗɗa takwas na ingantaccen gani, cikinsu har da nisa da girman abu da lokaci da lafiyar ido da shi kansa hasken, ya ce kowanne yana da iyakar matsakaici, wadda idan aka gaza ta ko aka wuce ta ido zai yi kuskure. Mai sayen shadda da ke janyo ƙyalle daga ƙarƙashin ƙwan lantarki zuwa bakin ƙofar shago, yana jujjuya shi don ya ga zanen saƙar da ainihin launin, da wannan babin yake aiki. Mai shagon da ya cika rumfarsa da ƙananan fitilu masu kaifi don kaya su yi walƙiya, shi ma ya san babin, ta ɗaya gefen.

Abin da ya bari

Ana yawan yaɗawa a kafafen sada zumunta cewa shi ya ƙirƙiro kyamara. Wannan ƙari ne da bai buƙata. Masanan Sin sun san hoton da ke ratsa huda fiye da shekara dubu kafin a haife shi, na'urar da ke kama hoto ta adana kuwa sai a ƙarni na 19 aka same ta. Nasa shi ne bayanin dalili da kafa shi a kan gwaji. Yana da kurakuransa kuma. Ya ɗauka cewa ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke tsakiyar ido ita ce ke karɓar gani, sai a 1604 Johannes Kepler na Jamus ya nuna cewa hoton na sauka ne a tantanin bayan ido, a kife. Shi kansa bai ɗauki magabata a matsayin waɗanda ba sa kuskure ba, domin ya rubuta littafi guda na shakku a kan Batlamus, mutumin da yake kwafar littafinsa yana ci da shi.

Wani jerin ayyukansa da ya tsaya a 1038 ya ƙunshi littattafai da maƙaloli 92. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Ibn al-Ƙifɗi ya ce shi da kansa ya mallaki wani kundin lissafi da rubutun hannun malamin, mai ɗauke da shekarar 432 bayan Hijira, wanda ke nuna cewa alƙalaminsa bai tsaya ba har ƙarshe.

Abin mamaki, Kitabul Manazir ya yi kusan shekara 250 ba a ba shi haƙƙinsa ba a ƙasashen Musulmi, har sai da Kamaluddin al-Farisi ya yi masa sharhi a Tabriz wajen shekarar 1300, cikin littafinsa Tanƙihul Manazir. A Turai kuwa an fassara shi zuwa harshen Latin wajen ƙarshen ƙarni na 12 ko farkon na 13, Roger Bacon da John Pecham da Witelo suka gina nasu a kansa, sannan Friedrich Risner ya buga shi a birnin Basel a 1572. Wannan bugun ne Kepler ya karanta. A yau akwai wani rami a fuskar wata mai suna Alhazen, Iraƙi ta sa hotonsa a takardar dinari 10,000 da ta fitar a 2003, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi a 2015, shekarar da ta keɓe wa haske.

Auna ƙarfin haske da alƙaluma, wanda shi bai yi ba, ya jira ƙarni na 18. Bafaranshe Pierre Bouguer ya gwada hasken rana da na wata da na kyandir, ya fitar a littafinsa na 1729 cewa rana ta ninka cikakken wata kimanin sau 300,000. Awon zamani ya kai abin wajen 400,000. A ƙarshen ƙarnin, Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, ya yi ma'aunin da bai wuce sanda da farar takarda ba: a kunna fitilu biyu, a yi ta matsar da ɗaya har inuwoyi biyun su yi duhu ɗaya, sannan a auna nisan kowace.

Ita kuwa maƙalar inuwa ba ta bi babban littafin zuwa Latin ba. Kalmar da Turawa ke kiran inuwa mai gauraye da haske da ita, Kepler ne ya ƙirƙiro ta a 1604. Maƙalar ta ci gaba da zama a rubutun hannu na Larabci da kuma cikin sharhin al-Farisi, har zuwa 1907 da Bajamushe Eilhard Wiedemann ya fassara ta zuwa Jamusanci. Sharhin al-Farisi kansa an buga shi a Haidarabad ta Indiya, juzu'i biyu, tsakanin 1928 da 1930.